Mai shirin zuwa Singafo: cingam, saƙo, biza da sauran tarkuna

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Masana Singafo a cikinmu, a taimaka. Wasu 'yan kasuwarmu za su je baje kolin kayan abinci na mako guda, kuma labaran da ke yawo sun tsorata su. An ce cingam kai mutum kurkuku yake, an ce tofar da yawu bulala ce. Wanne ne gaskiya, wanne ne ƙarin gishiri? Kuma me ake bari a gida?

Mai Tikiti: Wa alaikumus salam Alhaji. A ajiye cingam tukuna, a fara da takardu, don a nan aka fi juyo da mutanenmu. Mai fasfon Najeriya sai da biza. Ana cike fom 14A, a haɗa da hoto da kwafin shafin fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata 6. Mai wuyar ita ce wasiƙar gabatarwa, fom V39A: ɗan ƙasar ko mai izinin zaman dindindin da ya kai shekara 21 ne zai cike ta, ko kamfani mai rajista a can. Tunda baje koli za su, kamfanin da za su gana da shi suke nema ya tsaya musu. Kuɗin dala 30 ne na Singafo, ba a mayarwa ko an hana. Ana shigar da nema cikin kwana 30 kafin ranar isa.

Na biyu, katin shigowa na intanet da suke kira SG Arrival Card. Ana cike shi cikin kwana 3 kafin sauka, a shafin hukumar shige da fice, ICA. Kyauta ne. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa na 'yan damfara ne ko 'yan tsakani, kuma su ne suke fara fitowa in an yi bincike a Google.

Na uku, katin rigakafin shawara. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda ya yi ta ana jibi zai tashi, kamar bai yi ba ne: ko a killace shi har kwana 6 da kuɗinsa, ko a mayar da shi a jirgi na gaba.

Ɗan Maraɗi: Mu fa na wannan ɓangaren, Elhaji? Doka ɗaya ce?

Mai Tikiti: A'a ɗan'uwa. Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi ba sa cikin jerin masu buƙatar biza. Najeriya, Sudan da Mali suna ciki. Amma a leƙa shafin ICA kafin a sayi tikiti, jerin yana canzawa. Rashin buƙatar biza kuma ba shi ne shiga ba. Jami'in da ke filin jirgin sama na Changi zai iya neman tikitin komawa, da takardar otal, da shaidar guzuri, in bai gamsu ba ya hana. Katin shawara kuwa ya hau kanmu duka.

Ga tarkon da ya fi kama mutane: ba a buga hatimi a fasfo yanzu. Izinin zama ta imel yake zuwa, ga adireshin da aka rubuta a katin shigowa. Kwanakin da ke cikin wannan imel ɗin su ne naka, ba wa'adin da ke jikin biza ba. Mutum sai ya ga bizarsa tana da sauran makonni ya miƙe ƙafa, alhali izinin zamansa ya ƙare. Don haka kada ejan ya sa imel ɗinsa a madadin naka.

Barista: Daidai, kuma a nan bulalar take, ba a yawu ba. Wuce wa'adi da bai kai kwana 90 ba, tara ce har dala 4,000 ta Singafo ko ɗauri har wata 6. In ya haura kwana 90, ɗauri ne da bulala aƙalla 3. Maza kawai ake yi wa, waɗanda ba su wuce shekara 50 ba. Wanda ya ba mai laifin masauki shi ma ya shiga ciki.

Cingam: abin da aka hana tun 1992 shigo da shi da sayar da shi ne, ba tauna ba. Dalili, ana manna shi a ƙofofin jirgin ƙasa na cikin gari, na'urar da ke gane ƙofa ta rufu ta rikice, jirgi ya tsaya. A 2004 aka sassauta wa na magani, wanda ake saya a kantin magani ko wajen likitan haƙori. Ba wanda ke zaune a kurkuku don ya tauna. A dai bar shi a gida, magana ta ƙare.

Ƙananan tarar da baƙo zai iya faɗawa: yar da ƙaramar shara kamar guntun sigari ko ledar alewa, dala 300 karon farko, in aka kai kotu za ta iya kaiwa 2,000, kuma ana iya sa mutum sharar titi sanye da riga mai ƙyalli, har awa 12. Ci ko sha a cikin jirgin ƙasa na cikin gari, MRT, ko tasharsa, har dala 500, ruwan gora ma yana ciki. Tsallaka titi a ƙasa da mita 50 daga wurin tsallakawa, dala 50. Tofar da yawu tara ce ita ma, masu goro da masu azumi a kula. Jami'an da ke kamawa sau da yawa ba sa cikin kaki.

Sigari ba shi da rangwamen haraji ko kara ɗaya, sai an bayyana shi a layin ja na kwastan. Shisha da tabar tauna haramun ne. Sigarin lantarki an hana shi tun 2018, riƙe shi kawai laifi ne, kuma daga Satumban 2025 an ƙara tsanantawa har baƙo na iya rasa izinin zama a kore shi. Akwai akwatunan jefa shi a Changi kafin a kai kwastan.

Amma duk waɗannan kuɗi ne, ana biya a wuce. Wanda ba a dawowa daga gare shi shi ne saƙo.

Baban Khalifa: Wane saƙo kuma, Barista?

Barista: Saƙon da muka saba karɓa a filin jirgi ko a otal: "Don Allah riƙe mini wannan, wani zai karɓa a can." Dokar miyagun ƙwayoyi ta 1973 ta juya nauyin hujja. Abin da aka samu a jakarka, doka ta ɗauka naka ne, kuma ta ɗauka ka san mene ne. Kai za ka gamsar da alƙali cewa ba ka sani ba, ba mai gabatar da ƙara ne zai nuna ka sani ba. Sannan akwai ma'auni. Hukuncin rataya yana hawa kan safarar da ta haura giram 15 na tsantsar hiroyin, giram 30 na hodar ibilis, giram 250 na ƙwayar da ake kira ais, giram 500 na wiwi. Ƙasa da haka sosai, misali giram 15 na wiwi ko giram 2 na hiroyin, doka ta riga ta ɗauke ka mai safara ba mai sha ba.

Ba labarin nesa ba ne. Iwuchukwu Amara Tochi, matashi ɗan Najeriya mai neman ƙungiyar ƙwallo, an kama shi a Changi a Nuwamban 2004 da ƙunshin ƙwayoyi 100. Ya ce an gaya masa maganin gargajiya ne. Alƙalin kansa ya rubuta cewa babu shaida kai tsaye da ta nuna ya san hiroyin ce, amma bai iya karya zaton da doka ta ɗora masa ba. Shugaba Obasanjo ya roƙi a yi masa afuwa, aka rataye shi ranar 26 ga Janairu 2007. A lura, a ɓangaren masu jiran canjin jirgi aka kama shi. Yada zango bai fitar da kai daga dokar ba. Gyaran da aka yi a 2012 ya ba alƙali damar ɗaurin rai da rai ga ɗan aike zalla, amma galibi sai mai gabatar da ƙara ya ba da takardar cewa ya taimaka wa bincike.

Saboda haka: kai za ka shirya jakarka, kai za ka kulle ta. Kwalin da ba ka buɗe ka ga cikinsa ba, ko na surukinka ne, a ba shi haƙuri.

Maman Ilham: Barista ya gama magana. In ƙara da ɓangaren magani, don dattawanmu ba sa tafiya sai da leda guda. Maganin hawan jini, na suga, na olsa da makamantansu ana shiga da na wata 3 ba tare da izini ba, amma a bar su a kwalinsu na asali da takardar likita mai sunan da ke fasfo. Kada a ɓare su a zuba a roba ɗaya, ƙwaya marar suna ita ke jawo a ajiye mutum a gwada. Masu kodin, da maganin barci irin su diazepam, da masu kashe zafi mai tsanani irin su mofin, hukumar lafiya ta HSA ke ba da izininsu, kuma ana nema ta intanet aƙalla mako 2 kafin tafiya. A shigar da sunan kowane magani a shafinsu a gani. Garin magani na gargajiya da aka ƙulla a leda ba rubutu, ni dai shawarata a haƙura da shi na mako gudan nan.

Kilishi da dambun nama ma a bari. Nama sai daga ƙasashen da hukumar abinci ta amince da su, namu ba sa ciki, ƙwacewa za a yi. Abin da aka yi shakka a kansa, a bi layin ja a nuna. Wanda ya nuna, iyaka a karɓe. Wanda ya bi layin kore aka gano, shi ke biyan tara.

Mai Canji: Kuɗi kuma: tsabar da ta haura dala 20,000 ta Singafo, ko kwatankwacinta a kowane kuɗi in an haɗa, sai an bayyana, shiga da fita. Ba haraji ake cira ba, ba a kuma hana ba, rashin faɗar ne laifi. Naira da sefa ba su da kasuwa a can, a riƙe dalar Amurka sababbi ko yuro. Dalar Amurka ɗaya tana kai-komo ne wajen 1.3 ta Singafo. A canza kaɗan a filin jirgi, sauran a Mustafa Centre a unguwar Little India ko ginin The Arcade a Raffles Place, inda masu canji ke jere farashi a allo.

Abu ɗaya kuma, Alhaji, ka ja kunnen mutanenka: ba a ba ma'aikaci na goro. Hannu ya shiga aljihu gaban ɗan sanda ko jami'in kwastan, ƙaramar magana ta zama babba. Tayin cin hanci kaɗai ɗauri ne har shekara 5 ko tara har dala 100,000. A 2018 an gurfanar da direbobin motar ɗaga kwantena kan karɓar dala ɗaya-ɗaya daga direbobin manyan motoci.

Sarkin Yaƙi: To wallahi wannan ita ce ƙasa. Abin da muke buƙata ke nan, bulala da tara. A kawo mana wannan dokar shekara biyu a ga yadda kowa zai shiga taitayinsa.

Injiniya: Ranka ya daɗe, dokar tara ai muna da ita a takarda, har da ranar tsaftar muhalli. Abin da baƙo ke gani a Singafo, tituna fes, itatuwa sun yi wa hanya rumfa, ruwan famfo ana sha kai tsaye, ba tara ce ta gina shi ba. Tare suka tafi da gini, kuma ginin ya fi tarar tsada nesa ba kusa ba.

Ɗauki masu abincin titi. Ba korar su aka yi ba. An yi musu rajista a ƙarshen shekarun 1960, sannan daga 1971 zuwa 1986 aka gina musu rumfunan abinci masu famfo, wuta, magudana da wurin zubar da shara, a haya mai sauƙi, aka kwashe su ciki. Yau akwai irinsu fiye da 100, a nan yawancin jama'a ke ci, har UNESCO ta sa su a jerin al'adun duniya a 2020. Kogin Singafo da ake yawon kwalekwale a kai yanzu, kwata ce mai wari a da. Shekara 10 aka yi ana gyaransa, 1977 zuwa 1987, kuma yawancin aikin ba a cikin ruwan aka yi ba: an tashi gonakin aladu da agwagwa, an sauya wa masu jiragen dakon kaya mashiga, an haɗa gidaje da bututun bahaya. Har farkon 1987 akwai gidajen da ake kwashe musu bahaya da bokiti.

Gidaje: hukumar gidaje ta gwamnati, HDB, an kafa ta 1960. Gobarar Bukit Ho Swee ta 1961 ta bar mutum wajen 16,000 ba muhalli, a nan hukumar ta nuna za ta iya. Yau kusan 8 cikin 10 na mazauna ƙasar a benayenta suke, sun saya a kan hayar shekara 99. Kuɗin daga ina? Asusun tanadi na dole, CPF: ma'aikaci yana zuba kashi 20 na albashinsa, mai aiki ya ƙara 17, kuma tun 1968 an yarda a biya gida daga ciki. Namu na fansho a Najeriya 8 da 10 ne. Filin kuma dokar 1966 ce ta ba gwamnati ikon karɓa da araha, har ta mallaki kusan kashi 90 na ƙasar.

Ruwa hanya huɗu ne: na sama da ake tarawa a madatsai 17, na Johor ta Malesiya bisa yarjejeniyar 1962 da za ta ƙare 2061, ruwan kwata da ake tacewa har ya wuce na sha tsabta, da na teku da ake cire wa gishiri. Shara ƙonawa ake yi, a kai tokar tsibirin Semakau. In ka ci mutum tara don ya yi fitsari a lungu alhali ba bayi a unguwar, kuɗin shiga ka samar wa jami'i kawai.

Barista: Ƙarin bayani kan fili: mu ma dokar 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni. Iko iri ɗaya ne kusan. Abin da aka yi da shi ne ya bambanta.

Kwamared: Injiniya ya faɗi rabin da ke cikin ƙasidar 'yan yawon buɗe ido. Ga ɗaya rabin. Mutum kusan miliyan 6 ne a tsibirin da girmansa wajen murabba'in kilomita 735 ne, amma 'yan ƙasa wajen miliyan 3.6 ne. Su wa ke hawa benayen nan suna gini, su wa ke yanke ciyawa? 'Yan Bangaladash, Indiya, Sin, Myanmar. Da asuba za ka gan su zaune a bayan a-kori-kura ana kai su aiki, abin da ba a yarda a yi wa sauran jama'a ba. Kwanansu a manyan gidajen kwana na bayan gari, mutum goma ko fiye a ɗaki. Lokacin korona a 2020, fiye da kashi 90 na waɗanda suka kamu a ƙasar daga waɗannan gidajen suke. Izinin aikinsu a ɗaure yake da mai gidan, ba su kawo iyali, ba su auren 'yar ƙasa sai da izinin ma'aikatar ƙwadago. 'Yan aikin gida mata ana yi musu gwajin ciki duk wata 6.

Tsaftar ma, ba wai ba a zubarwa ba ne. Masu shara sun haura 50,000, da yawansu tsofaffi ne da ya kamata a ce suna gida da jikoki. A leƙa rumfar abinci a ga wanda ke goge tebur.

Siyasa kuma, jam'iyya ɗaya, PAP, ke mulki tun 1959. A zaɓen Mayun 2025 ta ci kujeru 87 cikin 97 da kashi 65 da ɗoriya na ƙuri'u. Zanga-zanga ko ta mutum ɗaya sai da izinin 'yan sanda. An taɓa gurfanar da wani ɗan fafutuka, Jolovan Wham, don ya tsaya shi kaɗai riƙe da kwali mai zanen fuskar murmushi. Wuri ɗaya aka ware, dandalin Hong Lim, shi ma baƙo ba ya shiga taron. Sarkin Yaƙi, irin rubutun da kake yi wa gwamnoni a Facebook, a can da tuni lauya ya rubuto maka.

Sarkin Yaƙi: Kwamared, in za a ba ni wuta da ruwa da asibiti, na yafe rubutun.

Kwamared: Haka kowa ke cewa. Wa ya ba ka tabbacin in ka miƙa bakin za a kawo wutar? Mun yi mulkin bulala a nan, layi ya miƙe na ɗan lokaci, famfo bai kawo ba.

Injiniya: Ban musa ko ɗaya ba, Kwamared, batun a-kori-kura su kansu 'yan ƙasar suna ta jayayya a kai. Abin da zan ƙara shi ne dokar tana hawa sama. Firaminista na karɓar wajen dala miliyan 2.2 a shekara, hujjarsu wai kada ya waiwayi na jama'a. A Oktoban 2024 aka yanke wa tsohon ministan sufuri S. Iswaran ɗaurin wata 12 kan karɓar kyaututtuka, tikitin kallon wasanni da hawa jirgi, daga 'yan kasuwar da ke hulɗa da ofishinsa. Talaka na jure tarar dala 300 ne don ya ga haka. Sannan birni guda ne, ba jihohi ba ƙananan hukumomi, daga wannan ƙarshe zuwa wancan wajen kilomita 50. Wanda zai kwafa ya fara da girman abin da yake kwafa.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, siyasar ta isa haka. Mutanen nan za su ci abinci, za su yi salla. Malam, bismilla.

Malam Na Zaure: Allah ya ƙara girma, Hajiya. Musulmi wajen kashi 15 ne, yawancinsu Malayawa, sai Indiyawa da zuriyar Larabawan Hadramaut. Masallatai kusan 70, ƙarƙashin majalisar harkokin Musulunci, MUIS, kuma sababbin da kuɗin da ake cira daga albashin ma'aikata Musulmi kowane wata aka gina su. Halimah Yacob, mace mai lulluɓi, ta yi shugabar ƙasa daga 2017 zuwa 2023. Hijabi ba ya jawo ko kallo.

Abin da zai ba baƙo mamaki: ba za ka ji kiran salla daga ɗakin otal ba. Lasifikokin yawancin masallatai ciki suke kallo, a rediyon Malayanci ake sa kiran. A sauke jadawalin MUIS a waya. Asuba wajen 5:45, azahar wajen 1:00, la'asar bayan 4:00, magariba wajen 7:00, lisha bayan 8:00, kuma ba sa motsi sosai duk shekara don garin dab yake da tsakiyar duniya. Alƙibla yamma ce, ta ɗan karkata arewa. Wanda ya bi mafitar rana ya ba Ka'aba baya. Shafi'awa ne, za a ji basmala a bayyane da ƙunutin asuba. Huɗuba galibi da Malayanci, wasu masallatan da Turanci ko Tamil.

Masallacin Sultan a Kampong Glam, kusa da tashar Bugis, shi ne babba a tarihi. A duba baƙin zoben da ke ƙarƙashin ƙubbar zinaren: gindin kwalabe ne da talakawa suka bayar lokacin gini don su ma a sa hannunsu. Masallacin Angullia yana daura da Mustafa, Al-Falah yana bayan titin Orchard, akwai kuma na ƙarƙashin ƙasa a Raffles Place tsakiyar bankuna.

Wa'azi kuma a kiyaye. Baƙo ba ya hawa mumbari ko ya tara mutane sai da izini. A 2017 an hana Mufti Menk shiga ƙasar. Zagin wani addini, ko a intanet ne, laifi ne. Ɗaga tutar wata ƙasa a fili ba izini ma doka ta hana, har da ta Falasɗinu.

Abinci: a nemi takardar halal ta MUIS manne a rumfa, ko rumfar da Musulmi ke da ita. Allon da ya ce ba naman alade ba kitsensa ba shaidar halal ba ne, bai ce komai kan yanka ko giyar girki ba. Kasuwar Geylang Serai, Tekka Centre da titunan kewayen masallacin Sultan ba a rasa biryani, nasi lemak, murtabak da shayin madara da ake ja tsakanin kofi biyu.

Maman Ilham: A rumfar abinci, in an ga fakitin tishu ko lema a kan tebur ba kowa, an kama wurin ne, mai shi yana layi. Kada a ture. Faranti dala 4 zuwa 7. In an gama a ɗauki tire a mayar. Tun 2021 wanda bai mayar ba, karon farko gargaɗi ne a rubuce, na biyu dala 300. Ma'ajiyar tiren biyu ce, ta halal daban. A gidan abinci mai kwandishan kuwa, farashin da ke da alamar tarawa biyu (++) a gabansa bai haɗa da kashi 10 na hidima da kashi 9 na harajin GST ba.

Mai Tikiti: Masauki shi ke cin kuɗin. Ɗaki mai kyau ƙasa da dala 100 da wuya, kuma ƙanana ne, wasu ba taga, a karanta kafin a biya. Haya ta 'yan kwanaki a gidan mutane ba ta halatta ba: gida mai zaman kansa mafi ƙaranci wata 3, benen HDB ba a ba ɗan yawon buɗe ido sam. Mai gadi na iya hana ka shiga da jakarka a hannu. Otal masu arha da yawa suna Geylang, amma ƙananan layukan da ke da lamba cika, can ɓangaren yamma, unguwar mata masu zaman kansu ce. Geylang Serai da Malam ya ambata daban take, wajen tashar Paya Lebar. Mai tafiya da iyali ya fi samun natsuwa a Bugis ko Lavender.

Zirga-zirga: daga Changi a hau MRT, a canza a Tanah Merah zuwa cikin gari. Ba tikitin takarda yanzu. Ko a sayi katin EZ-Link, ko a taɓa katin Visa ko Mastercard, wanda in na waje ne ana ƙara santi 60 a rana. Katin naira ba abin dogaro ba ne. Ana taɓawa a shiga, a taɓa a fita, har a bas. Wanda ya manta na fita, kuɗin ƙarshen layi za a cire. A ciro katin daga walat, in biyu suka haɗu na'ura na iya cirar wanda ba shi ka shiga da shi ba. Jirgi na tsayawa wajen sha biyun dare, tasi kuma na ƙara rabin kuɗi daga nan zuwa 6 na safe. Manhajar kiran mota Grab ke aiki, ba Uber. Hagu suke tuƙi, mai tsallaka titi ya fara duban dama.

Ɗan Maraɗi: Ga arziki, amma an ce motoci ba su da yawa. Gaskiya ne?

Injiniya: Da gangan ne. Tun 1990 kafin ka sa mota a titi sai ka sayi takardar izini, COE, a gwanjo, ta shekara 10 kawai. A Oktoban 2023 ta manyan motoci ta taɓa dala 150,000, ban da kuɗin motar da harajinta. Tun 2018 an tsayar da ƙaruwar yawan motocin gida. Ga kuɗin shiga titunan cunkoso da na'ura ke cira tun 1998. Shi ya sa mai albashi mai kyau ke tsaye a jirgi. Ɗan'uwa, ku na Nijar ku riƙo mahaɗin soket, nasu mai ƙafa uku ne irin na Najeriya. A riƙe lema kuma, zafin 31 zuwa 33 ne da gumi, ruwa da tsawa na saukowa ba sallama.

Auta: Yayyena, tambaya. Wani ejan na tallar bizar aikin sito da gini a Singafo, wai a fara ba da rabi. Akwai ƙamshin gaskiya?

Barista: Ƙanena, riƙe kuɗinka. Izinin aikin leburanci a gini, masana'anta da tashar jiragen ruwa ƙasashe ƙidayayyu ake ba wa, duka na Asiya ne, babu ta Afirka ko ɗaya. Abin da ɗan Afirka zai iya samu shi ne izinin ƙwararru: Employment Pass, mai albashi daga dala 5,600 a wata tun 2025, ko S Pass na masu matsakaiciyar ƙwarewa, sama da 3,000. Kamfanin ne ke nema, ba kai ba, ba ejan a Kano ko Legas ba. In an nuna maka takardar amincewa, akwai wurin duba sahihancinta a shafin ma'aikatar ƙwadago, MOM. Abin da suke yi shi ne su tura mutum a matsayin ɗan ziyara su ce za a juya masa a can. Aiki da izinin ziyara laifi ne, in kwanaki suka ƙare kuma an koma kan maganar kwana 90 da muka yi a sama.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri. Biyu suka rage: suna so su leƙa Malesiya tunda gada ce kawai, kuma an ce ana mayar da haraji in an yi sayayya.

Mai Tikiti: Gadar Johor Bahru kilomita ɗaya ce, amma fita ce daga ƙasa. Mai bizar shiga sau ɗaya in ya tsallaka ta mutu, ga kayansa a otal, ga jirginsa a Changi. Ɗan Najeriya kuma sai da bizar Malesiya daban. Haka jirgin ruwan Batam ta Indonesiya. A duba ko bizar ta shiga da yawa ce kafin a motsa.

Mai Canji: Haraji ana mayarwa, da sharuɗɗa. Sayayya ta kai dala 100 a kanti ɗaya mai cikin tsarin, ana iya haɗa rasit 3 na rana guda. A nuna fasfo na ainihi a wurin biya, su shigar a kwamfuta. In an bar kantin ba a yi ba, shi ke nan. A fita da kayan cikin wata 2, ta jirgin sama, ba ta gada ba. Abinci da kuɗin otal ba sa ciki, kuma ba kashi 9 cif ake samu ba, ana cire ladan aiki. Inda ake yin asara shi ne a jeri: kayan da za su shiga babbar jaka, sai an je na'urar mayar da haraji da ke zauren tashi kafin a miƙa jakar a awo, don kwastan na iya cewa a nuna su. Na hannu kuma, agogo, waya, gwal, bayan an wuce shige da fice ake yi.